Littafi Uku a Bayan Taminus

Ruwan Agusta ne ya koro ni rumfar Oga Obiora,
inda littattafan gwanjo ke kwance bisa leda
suna warin cikin jirgin ruwa.
Na ce, "Ina neman na koyon takobi,
dogon nan na Turawan da, mai ƙotar hannu biyu."
Ya dube ni, ya dubi titi.
A garin nan in ka ce takobi
sai mutum ya fara duba ƙofa.
Na ce, "Na itace ne, Oga.
Wani kafinta a Katako ya sassaƙa mana guda biyu."
Sannan ya saki fuska, ya durƙusa, ya tono uku.

Na farko ƙato ne, ya kai nauyin bulo.
Zanen mutanen da suka rasu shekara ɗari biyar,
wando ya ɗame musu cinya,
wani na soke wani a maƙogwaro
da fuskar mai jiran a zuba masa shayi.
Kyau kam, akwai shi.
Amma ba a faɗi ta inda aka biyo aka iso nan ba.
An nuna maka tuwo, an ɓoye murhu.

Na biyu bangonsa na ɗaukar ido.
Wani mai gemu ya harɗe hannu yana alkawari:
kwana talatin, ka zama gwani.
Shekarata goma sha tara ina taka keken ɗinki a Gangare,
har gobe wuyan kaftani yakan kayar da ni.
Kwana talatin!
Na mayar da shi a hankali, kamar baragurbi.

Na uku ba shi da bango ma.
Wani ya riga ni shiga cikinsa,
ya bar zoben kofi a shafi na tara.
Babi na ɗaya babu takobi ko ɗaya, sawu kawai:
hagu a gaba, dama a baya, gwiwa ta ɗan rusuna,
kamar mai gangarowa daga dutsen Shere da tulu a ka.
Babi na biyu sunayen tsayuwa ne.
Akwai ta sa, ƙaho a gefen kunne,
akwai ta garma, ƙota a kwankwaso,
har da ta wawa,
inda za ka sauke tsini ƙasa, ka bar kanka a buɗe, kana jira.
Wannan na san ta.
Na daɗe ina yin ta ba takobi.

Na kira Dalyop a waya.
Benci ɗaya muka zauna a firamare
kafin unguwa ta tsage biyu,
kowa ya naɗe katifarsa ya bi nasa.
Yanzu sai Asabar, a bakin wani tsohon ramin kuza,
da hular kwano da safar hannun masu walda,
ƙarti biyu masu furfura, yara na yi mana dariya.
Na karanto masa duka ukun.
Ya yi shiru, ina jin ruwa na dukan kwanon gidansu.
Ya ce, "Tanimu, duba min,
a cikinsu wa ya koyar da tsayar da sara?"

Na lashi yatsa, na yi ta buɗawa.
Ga shi a shafi na arba'in da ɗaya,
mai kofin nan ya ja masa layi da jan biro, har sau biyu:
ka koyi tsayar da hannunka
yatsa uku kafin goshin abokinka,
sau ɗari, kafin ka koyi kaiwa.

Oga ya ce dubu huɗu.
Na ce ko bango ba shi da shi.
Ya ce bango ake karantawa?
Muka tsaya a uku da ɗari biyar.

Na cusa shi cikin riga, takardar da sanyi a ƙirjina,
na fito neman Keke mai zuwa Gangare.
Kwata ta cika ta tumbatsa a bakin titi.
Na sa hagu a gaba, na ɗan rusuna da gwiwa,
na tsallake.
Takalmi ɗaya ne kawai ya jiƙe.